Bayan Fage a Nuzla: Wasan Mizmar Tsakanin Unguwa da Dandamali

Tsakure

Maƙalar ta dubi hidimar da ɗan kallo ba ya gani a wasan mizmar na Hijaz, ta ɗauki Nuzla Yamaniyya ta birnin Jidda a matsayin fagen nazari. Hujjar da take kafawa ita ce, unguwa ce bayan fagen wannan wasa, kuma an ɗora shi bisa dandamali ne kusan a shekarun da aka rushe unguwar.

Gabatarwa

Nuzla tana kudu maso gabas da tsohon garin Jidda, a wajen ganuwar da aka rushe a 1947. Nan Fadar Khuzam take, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai da wani kamfanin Amurka a 1933. A inuwar fadar kuwa talakawa ne suka yi sansani: Yamalawa, Larabawan ƙauye, da Takari, wato jikokin mahajjatan Afirka ta Yamma da suka taka sayyada ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawa da dama sun sauke farali, guzurin komawa ya gagara, zama ya kama su a Nuzla da Karantina da Hindawiyya.

Wuta da fata

Sunan mizmar yana ruɗar baƙo. A Larabci abin busa yake nufi, amma wasan na ganga ne da tafi da waƙa da sanda. Maza ne, daga 15 har zuwa 100, cikin fararen riguna, sahu biyu suna fuskantar juna. Jagora ya ba da waƙa, sahu su amsa, sai mutum biyu su faɗo tsakiya suna juya sanduna.

A tsarin gargajiya akan hura wuta a tsakiyar fili, kuma ba don ado kaɗai ba. Jidda gari ne na gaɓar teku, iskarsa cike da laima, fatar ganga kuwa da ta sha danshi sai ta saki, muryarta ta mutu. Dole wani ya tsuguna gefen wutar yana gasa fata, yana ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana saurare, har ta ɗaure. Ya miƙa wa makaɗi, ya karɓi wadda ta huce. Ba a yi masa tafi, ba a kiran sunansa, amma in ya yi gyangyaɗi wasa ya lalace. Wanda ya taɓa ganin makaɗan ƙasar Hausa suna shanya ganguna a rana da damina ya san wannan aiki.

Yawon wasa

Ƙungiyar mizmar ba ta zama wuri ɗaya. Biki ne ke ɗaukar ta, yau a wannan unguwa, gobe a waccan, ga kuma dararen Sallah. Kamanninta da ayarin makaɗan Hausa masu yawon kaka a bayyane yake: akwai uban tafiya mai karɓar gayyata da raba abin da aka samu, akwai 'yan amshi, akwai yaran da ke ɗaukar kaya suna koyon hannu a fakaice. Akwai kuma aikin da ya fi duka nauyi, wato neman yardar manyan unguwar da za a shiga. A da, shigar baƙo fili da sanda ba tare da izini ba takan mai da wasa faɗa tsakanin unguwanni, abin da ya sa hukuma ta daɗe tana yi wa mizmar kallon hadarin kaji.

Duk wannan tsari maƙwabtaka ce ke riƙe da shi. Mai gasa fata, mai ajiyar ganguna da mai waƙa suna sallah a masallaci ɗaya.

Hawa dandamali

A 2016 abubuwa uku suka haɗu: an rage ikon 'yan hisba, an kafa hukumar nishaɗi ta ƙasa, UNESCO kuma ta sa mizmar cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. A 2019 aka fara bikin Jeddah Season, manyan mawaƙan Amurka irin su Janet Jackson suka yi wasa a birnin. Bayan fagen irin wannan biki na kamfani ne: kwangila, katin shiga, jadawalin mintoci, injiniyan sauti. In mizmar ya hau irin wannan dandamali, wasan da kan ci rabin dare sai a yanka shi daidai ƙa'idar shiri, kuma wuta ba ta da masauki a tsakanin wayoyin lantarki. A ganina asarar ba ta tsaya ga tsawon wasa ba. Yaron da ke koyo ta hanyar ɗaukar kaya ba shi da katin wucewa ƙofa.

Daga ƙarshen 2021 aka shiga rusau a Jidda, unguwanni fiye da 60 suka shiga lissafi, har da Nuzla Yamaniyya da Karantina da Gulail. Diyya ta 'yan ƙasa ce masu mallaka. Takarin da ke zaune da iƙama, ko ba ma ita, sai dai ya nemi haya a wani gefen gari. A Disambar 2022 kamfanin MDLBeast ya buɗe bikin Balad Beast a tsohon garin, tafiyar 'yan mintoci a mota daga filin da Nuzla ta bari.