Tarihin Cikon Haƙori: Daga Azurfa Zuwa Garin Dutse

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi na Kusada. Ya ce haƙorinsa na tauna ya yi kogo, ya je asibiti aka ce za a cike masa da wani farin abu. Shi kuwa cikon azurfa ya sani, irin wanda aka yi wa yayansa, ɗan kasuwa a Kankiya, shekara ashirin ke nan bai fita ba. Tambayarsa: wannan farin abu zai iya da goro da aya kuwa?

To Malam, gyara zama ka sha labari.

Cikon azurfa tsohon abu ne. Wani littafin magunguna na ƙasar Sin ya ambace shi tun shekarar 659. Ya shiga Amurka a 1833, sannan a 1895 wani likita, G. V. Black, ya daidaita awon haɗinsa. Azurfa ce da kuza da tagulla, a kwaɓa su da zaiba, zaibar kuwa kusan rabi ce. Yana da ƙarko, amma baƙi-baƙi ne, ba mai son sa a haƙoran gaba.

Wajajen 1940 zuwa 1950 aka gwada wata irin roba mai launin haƙori. Ga kyau, amma ba ƙarko. In ta sandare sai ta tsuke, ta bar kafa, ruɓa ta sake shiga, ga saurin cinyewa.

A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa in an shafa wa haƙori wani ruwa mai tsami, robar takan kama shi gam. A 1962 kuma Rafael Bowen, shi ma a Amurka, ya fito da sabuwar roba, ya zuba mata garin dutse a ciki. Ka dai san aikin magina: siminti zalla tsagewa yake yi, sai an haɗa shi da yashi da tsakuwa. To haka nan. Garin dutsen shi ke ɗaukar nauyin tauna, ya rage tsukewa. Har wani sinadari ake shafa wa ƙwayoyin don su riƙe robar, in ba haka ba sai su riƙa zubewa.

Daga nan sai magana ta koma kan girman ƙwayar. Na wajajen 1970 manya ne, wasu sun kusa kaurin silin gashi. Suna da ƙarfi, amma in robar da ke kewaye ta cinye sai cikon ya yi kaushi, ya kama jan goro. Ƙarshen shekarun 1970 aka kawo mai laushi fiye da garin tuwo. Ya yi santsi, amma ba ya jure tauna, don robar ta yi yawa a ciki. A shekarun 1980 sai aka gauraya manya da ƙanana, ƙananan su cike tsakanin manyan. Bayan 2000 aka samu ƙwayoyin da madubin likita na yau da kullum ma ba ya ganinsu. Cikon tauna na yanzu, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa gari ne, galibi na gilashi. Shuɗiyar fitila ake haska masa ya sandare nan take.

Me ya sa ake barin azurfa? Saboda zaiba guba ce ga ƙasa da ruwa. A 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Minamata don rage ta, Nijeriya ta amince a 2018. A 2025 ƙasashen suka tsai da 2034 a matsayin shekarar daina cikon azurfa.

Saboda haka Malam, farin cikon zai iya da goro, in dai likita ya yi shi a busasshen haƙori, domin yawu na hana shi kamawa. Amma ka bar fasa ƙashi da buɗe kwalba da baki. Yayanka kuma kada ya je a ƙwaƙule nasa in yana lafiya lau. Kuma ka hanzarta: in ruɓa ta kai jijiya, ciko kaɗai ba zai yi ba. Kada ka miƙa bakinka ga masu cire haƙori ran kasuwa.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun ga wasiƙunku.