Muryoyin Mata a Waƙoƙin Finafinan Hausa

Sana'ar rera waƙar fim ta samo asali ne a Kano, bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin wannan lokaci mata suna da fagensu na waƙa, amma a cikin gida yake da wuraren biki, inda irin su Barmani Choge ta Funtuwa da Uwaliya Mai Amada suke cashewa da kiɗan ƙwarya. Masu kallo kuwa sun daɗe da sabawa da finafinan Indiya a gidajen silima, inda saurayi da budurwa ke amayar da soyayyarsu cikin waƙa. Wannan salo masu shirya fim suka ara.

A wancan zamani aikin ya rabu hannu-hannu. Wani ne zai tsara baitoci, makaɗi ya zauna gaban fiyanon Yamaha ya haɗa kiɗa, sannan mawaƙi da mawaƙiya su shiga situdiyo su ɗora murya, wannan ya yi baiti waccan ta amsa. Sai an gama ake kai kaset wurin ɗaukar fim, a kunna shi, jaruma ta riƙa motsa baki tana rausaya kamar ita ke rerawa. Fuskarta ce a jikin fasta, ita ake nunawa a titi, mai muryar kuwa an sallame ta tun ranar da ta fito daga situdiyo, ko da waƙar za ta shekara ana saye.

Nasarar fim ɗin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ta tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai cewa waƙa ce ke sayar da fim. Aka koma fitar da kaset ɗin waƙoƙi kafin fim ɗin kansa, masu sauraro kuma suka fara tantance muryoyi. A nan ne sunayen Rabi Mustapha da Maryam A. Baba, wadda aka fi sani da Sangandale, suka fito fili. Binta Labaran ta zo daga Maraɗi, Kano ta raɗa mata Fati Nijar.

Rawa da waƙa su ne suka fi jawo wa masana'antar suka. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma a 2007 aka tsananta dokoki har wasu suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna. Sai dai jarumai ne suka fi shan zafin abin, domin su ake gani. Haka ma aure: al'adar masana'antar ita ce jaruma ta bar fim da zarar an ɗaura, alhali mawaƙiya tana iya ci gaba da aikinta.

Zuwan wayar hannu da masu tura waƙa a katin memori ya karya kasuwar kaset da faifai. Mawaƙan suka koma waƙoƙin amare da na 'yan siyasa, waɗanda ake biya kai tsaye, sannan suka buɗe shafukansu a YouTube. Yau sunan mawaƙiya ne ke fitowa a kan waƙarta, ba na fim ba.