Daga Gaɓar Kaduna Zuwa Tsibirin Ikko

Ya ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswirar Nijeriya, ku aza yatsa a kan Kudenda, unguwar nan da ke kudancin Kogin Kaduna, sa'an nan ku ja shi kudu maso yamma har bakin teku, inda tsibirin Ikko yake. Mai duba takarda sai ya ce nisa kaɗai ya raba wuraren nan biyu. Alhali kuwa in an bi tarihi, ruwa ya fi yawan mil tsai da matafiyi. Wanda ke tudu, ko da jaki yake tafiya, kullum yana rage hanya. Amma in ya iso gaɓa, tilas ya sauke kaya ya jira mai fito.

A zamanin da, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su da makawa sai sun haye Kwara. Madugu ya yi ciniki da masu jirgi, a biya kuɗin fito, a riƙa ɗiban mutane da kaya kaɗan kaɗan cikin kwalekwale, har babban ayari ya share kwanaki a gaɓa. Wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya tashi daga Badagiri a bakin teku cikin watan Disamba 1825, ya haye Kwara a Busa, bai shiga Kano ba sai cikin Yuli 1826. Watau wata bakwai ke nan.

Da Turawa suka kafa mulki a Arewa cikin 1900, sai suka mai da kogin kansa hanya. Jirgin teku ya sauke mutum a Forkados, inda wani reshen Kwara ya faɗa teku, ya shiga ƙaramin jirgin hayaƙi zuwa Lakwaja. Daga nan a yi ta hawa, a shiga Kogin Kaduna har Barijuko, inda 'yar gajeriyar hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zungeru cikin 1902. To, amma kogi ba ya jin umurnin Gwamna. Da damina ya cika ya batse, da rani ya janye, jirgi ya kafe a kan yashi.

Saboda haka aka koma ga ƙarfe. Cikin 1907 aka soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a gaɓar Kwara, ta isa Kano cikin 1911. Garin Kaduna bai zama hedkwatar Arewa ba sai 1917, don haka gadar da jirgin ya bi ya ƙetare kogin nan ta girmi hedkwatar. Wata hanyar kuma ta taso daga Ikko, ta kai Badun cikin 1901, ta kai Jabba cikin 1909, kana aka haɗa ta da ta Baro a Minna cikin 1912. A Jabba Kwara ya rabu biyu, ya sa tsibiri a tsakiya, kuma a nan ruwa ya sāke nuna ikonsa. Sai an kwance taragu, a ɗora su a kan jirgin fito, a haye da su kaɗan kaɗan, tamkar dai ayarin fataken da. Ba a huta da wannan ba sai da aka gama gadar cikin 1915. Tun daga sa'an nan tafiyar da ke cin watanni ta koma ba ta wuce kwana uku. Hakanan aka yi a Binuwai. Hanyar Fatakwal ta iso tashar da ke kudancin Kogin Kaduna cikin 1927, amma fito aka riƙa yi a Makurɗi har aka buɗe gada cikin 1932.

To, in mutum ya sauka a ƙarshen hanya, a tashar Iddo, har yanzu da sauran ruwa gabansa, gama Ikko tsibiri ce. Gadar Carter ce ta haɗa su cikin 1901, wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ya riƙa bi ta kanta daga 1902 har 1933. Ta wajen teku kuwa, tarin yashi ya tare bakin mashigi, manyan jirage ba su iya shiga, sai su tsaya nesa a yi ta jigila da ƙanana. Aka ɗauko duwatsu daga wajen Abekuta, aka jera su kamar katanga cikin teku, aka yashe mashigin, har jirgin wasiƙu ya shiga cikin 1914. Katangun nan sun bar alama biyu. A yamma sun kāre wani lungu mai kwantaccen ruwa, Tarkwa Bay, inda masu shan iska ke zuwa da jirgi mai inji, don mota ba ta kaiwa. A gabas kuwa sun hana yashi isowa, teku ta yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru.

Kada ku zaci labarin ya ƙare. Mutumin Kudenda yana haye Kaduna a kan gada bai ko leƙa ruwa ba, amma ƙauyuka da yawa har yau kwalekwale ne gadarsu. Cikin Yuni 2023, kusa da Pategi, ba nisa da inda Kaduna ya faɗa Kwara, wani jirgi ya kife da dare da masu dawowa daga biki, mutum fiye da 100 suka halaka. An cika shi fiye da kima.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Saurin da aka samu a Jabba da Makurɗi da Ikko, shekaru aka yi ana awo da haƙa da gini kafin a same shi. Inda babu gada kuwa, ruwa na nan da halinsa na da. Duk ranar da tafiya ta kai ku gaɓa, ku hau da rana, ku ƙirga waɗanda ke ciki, ku nemi rigar da ke hana nutsewa. In jirgi ya cika, ku jira na baya. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.