Kalandar Hindu: yadda suke tantance lokacin sa'a da na rashin sa'a

Masu saurarenmu da ke zuwa Indiya neman magani, karatu ko fatauci kan yi mamaki in abokin ciniki ya ce a dakata da sa hannu sai bayan awa ɗaya da rabi. Ba wulaƙanci ba ne, sau da yawa kalandarsu ya duba.

Sunanta Panchang, wato "gaɓoɓi biyar": ranar mako, kwanan wata da suke kira tithi, masaukin wata cikin rukunan taurari 27, sai wasu lissafi biyu, yoga da karana. Wata guda tithi 30 ne. Kamar mu, da wata suke ƙirga, amma kusan duk shekara uku sukan ƙara wata ɗaya don shekara ta daidaita da damina da rani. Shi ya sa azuminmu ke zagayawa, amma bikinsu na Diwali kullum cikin Oktoba ko Nuwamba yake faɗowa.

Yininsu daga hudowar rana yake somawa. Sukan raba tsakanin hudowa da faɗuwarta kashi takwas, kashi ɗaya shi ne Rahu Kalam, lokacin da ba a ɗaura aure, ba a buɗe shago, ba a soma tafiya. In rana ta hudo ƙarfe 6 ta faɗi ƙarfe 6, ga yadda yake:

Litinin 7:30 zuwa 9:00. Asabar 9:00 zuwa 10:30. Juma'a 10:30 zuwa 12:00. Laraba 12:00 zuwa 1:30. Alhamis 1:30 zuwa 3:00. Talata 3:00 zuwa 4:30. Lahadi 4:30 zuwa 6:00.

Tunda hudowar rana ta bambanta, lokacin Delhi daban, na Chennai daban.

Lokutan sa'a kuwa, akwai Abhijit, kimanin minti 48 da rana tsaka, sai Brahma Muhurta, da ke somawa awa ɗaya da minti 36 kafin hudowar rana, lokacin ibada da karatu. Har kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na awa guda ranar Diwali don neman sa'ar sabuwar shekara.

Wannan imaninsu ne, ba namu ba, kuma ko a cikinsu ba kowa ke bi ba. Amma ɗan'uwa, in kana da alƙawari da Bahindu, tambaye shi lokacin da ya fi masa tun kafin ka biya kuɗin mota.