Tayar ƙanƙara: Yadda ake zaɓenta da girmanta ga mota mai tsananin gudu

A ƙasashen da sanyi ke tsananta har ruwa ya daskare a kan titi, mai mota kan ajiye tayoyi iri biyu: na lokacin zafi da na lokacin ƙanƙara. Kamfanin Nokian na ƙasar Finlan ne ya fara ƙera tayar ƙanƙara a shekarar 1934 domin manyan motoci, sannan ya fitar da ta ƙananan motoci a 1936. Sanin wannan taya na da amfani ga mai zuwa karatu ko aiki a Turai da Kanada, haka kuma ga ɗan kasuwar da ke sayo motoci daga can.

Abin da ya bambanta ta

Bambancin farko yana cikin robar kanta. Robar tayar zafi kan fara sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, sai ta daina kama titi yadda ya kamata. Ita kuwa ta ƙanƙara an haɗa ta ne domin ta ci gaba da laushi a cikin sanyi. Na biyu shi ne zanenta, wanda ya fi zurfi, ga kuma ɗaruruwan 'yan tsage-tsage da ke cizon dusar ƙanƙara.

Ana gane ta da tambarin dutse mai kai uku, da hoton ƙwayar ƙanƙara a tsakiyarsa. Haruffan M+S kaɗai ba su isa shaida ba. Jamus ta daina karɓarsu a matsayin tayar ƙanƙara tun daga watan Oktoban 2024. A lardin Quebec na Kanada, doka ta wajabta sanya ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Iri biyu ne manya. Akwai ta ƙasashen arewacin Turai, kamar Nokian Hakkapeliitta, mai laushi ƙwarai, wasu har da ƙusoshi. Ta fi kowace riƙe daskararren titi, amma ba ta son gudu. Akwai kuma wadda aka yi domin motoci masu ƙarfi, kamar Michelin Pilot Alpin da Pirelli Winter Sottozero, wadda ta fi dacewa da titin da ake share wa ƙanƙara, mai sanyi da danshi. Mai BMW M3 ko Porsche 911 da ke zaune a birni galibi wannan ta biyun yake buƙata.

Karanta lambobin jikin taya

A ɗauki misalin 245/40 R18 97V. Lamba 245 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 40 na nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 98. Lamba 18 girman rim ne a inci. Lamba 97 na nuna nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, kilogiram 730. Harafin ƙarshe kuwa iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a sa'a, T 190, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300.

Yawancin tayoyin ƙanƙara ba su kai na zafi iyakar gudu ba. Dokar Jamus ta yarda da hakan, da sharaɗin a manna iyakar a inda direba zai riƙa ganinta. Amma lambar nauyi ba a rage ta ko kaɗan.

Zaɓen girma

Faffaɗar taya, wadda ita ce ƙawar mota mai gudu, kan zame matsala a cikin dusar ƙanƙara, domin takan hau kanta ne maimakon ta yanka ta. Shi ya sa ake rage faɗin, a kuma rage rim da inci ɗaya. Ƙaramin rim na ba da damar taya mai tsayin gefe, wadda ke shanye dukan ramukan da sanyi ke fasawa a titi.

Sharaɗin shi ne tsayin ƙafar gaba ɗaya kada ya sauya sosai. Tayar 245/40 R18 tsayinta kusan milimita 653 ne. Ta 225/50 R17 kuwa kusan 657. Tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi 3, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa ƙarya, na'urorin da ke kula da birki da santsi su ruɗe.

Sai dai akwai tarko. Motoci masu gudu manyan birki gare su, kuma ba kowane ƙaramin rim ke shiga a kansu ba. Wasu kuma tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi. Saboda haka, littafin motar da takardar da ke manne a bakin ƙofar direba su ne alƙalai. Wasu kamfanonin ma na da tambarin amincewarsu a jikin taya: tauraro na BMW, MO na Mercedes-Benz, AO na Audi, harafin N na Porsche.

Dole a sanya su duka huɗu. Sanya biyu kawai kan sa gaban mota da bayanta su saɓa wa juna a kwana. Idan zurfin zanen ya ragu ƙasa da milimita 4, amfaninta a ƙanƙara ya kusa ƙarewa. A riƙa duba iska kuma, domin sanyi na rage ta.

Inda abin ya shafe mu

Hunturunmu daban, nasu daban. A mafi yawan garuruwan Arewa sanyi ba ya daɗewa a ƙasa da digiri 7, yayin da zafin Afrilu a Sakkwato da Maiduguri kan haura 40. Amma wasu motocin da ake shigowa da su daga Turai da Kanada kan iso sanye da tayoyin ƙanƙara, kuma akan tsince su cikin tayoyin hannu da ake kira Beljiyam, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Zurfin zanensu kan ruɗi mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa.

A kan kwalta mai zafi, robar nan mai laushi kan cinye da wuri, motar ta riƙa lilo a kwana, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita. Mota mai ƙarfi ta fi kowace shiga wannan haɗari.

Kafin biyan kuɗi, a duba gefen tayar. Idan akwai tambarin dutsen nan da tsage-tsage masu yawa, a sa kuɗin sauya ta cikin ciniki. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 3521 na nufin an ƙera ta a mako na 35 na shekarar 2021. Tayar da aka yi wa ƙanƙarar Kanada ba ta da hurumi a hanyar Kano zuwa Kaduna.