Jirgi a Bangon Zaure, Zane a Jikin Jirgi

Duk wanda ya tashi a unguwar Kusfa ya san ƙugin ƙananan jiragen da ke shawagi a saman birnin Zazzau. Na makarantar koyon tuƙin jirgi ne da ke hanyar Sakkwato, wadda aka kafa a 1964. Sai dai jirgi ya riga makarantar shiga idon mutanenmu. Tun a Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, labarinsu ya bazu a ƙasar Hausa.

Abin da maginan Zariya suka yi da wannan baƙon abu shi ne ya fi burge ni. Gari ne da ya gaji hannun Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Magadansa sun saba fitar da dagi da takobi a fuskar zaure tun laka tana ɗanya, a bi da makuba saboda ruwan sama. Da zamani ya kawo keke da mota da agogo da jirgin sama, ba su tsaya kallo ba, suka ɗora su a bango kusa da dagin, ƙarƙashin zankwaye. Mai gida yana shaida wa mai wucewa cewa ya ga duniya, ko yana da halin ganinta. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi kan waɗannan gidaje a 1963. Yau siminti da kwano sun cinye mafi yawansu, kuma abin yana yi mini ciwo.

Mu yara namu jirgin na kara ne. Bayan girbi mukan feƙe ɓawon karan dawa, mu yanka totuwa, mu soke fukafukai biyu da wutsiya, wani ya ƙara farfela da gwangwanin madara. Kwana kaɗan ya karye, a sake wani.

A Ostareliya akasin namu aka yi, zanen gargajiya ne ya hau jirgi. A 1994 kamfanin Qantas ya lulluɓe wani Boeing 747 da jan fenti da siffofin dabbar kangaru da ɗige-ɗige irin na 'yan asalin ƙasar, aka sa masa suna Wunala Dreaming. Gidan zane na Balarinji ne ya tsara shi. John Moriarty da matarsa Ros suka kafa gidan, shi kuwa John ɗan ƙabilar Yanyuwa ne da hukuma ta raba da mahaifiyarsa yana ɗan shekara huɗu, kamar yadda aka yi wa dubban yaran 'yan asalin ƙasar. Mutumin da aka so a yanke daga tushensa, shi ya sa labarin kakanninsa ya riƙa sauka a manyan filayen jiragen duniya. Wani 747 ɗin mai suna Nalanji Dreaming ya biyo baya a 1995, sannan a 2018 aka ɗora zanen doyar daji na Emily Kame Kngwarreye a kan Boeing 787.

Waɗancan 747 biyu sun daina tashi. Inda ake ganinsu yanzu shi ne cikin kabad ɗin masu tara ƙananan jirage na ƙarfe, waɗanda kamfanoni irin su Herpa na Jamus ke ƙerawa, an rage girman sau 200 ko 500, zanen yana nan daram. Ta haka yaron da bai taɓa ganin jirgin ba zai riƙe shi a tafin hannu ya tambayi ko su wane ne Yanyuwa.

A nan gida kuwa, Nigeria Airways, daga 1958 zuwa 2003, kore da fari ta sa, da giwa mai fukafukai. Ina fatan kamfanonin jiragen Arewa na yau su zo cikin ganuwar Zazzau su zauna da sauran tsofaffin magina, tun ana samun wanda zai nuna musu yadda ake ƙulla dagi.