Allolin Takarda: Tarihin Ƙago Ababen Bauta a Adabin Almara

Duk marubucin da ya zauna zai ƙago duniyar da babu ita, ya zana taswira, ya raɗa wa birane suna, ya naɗa sarakuna, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da tambaya mai nauyi: su mutanen wannan duniya, wa suke kira idan fari ya zo ko mutuwa ta ɗauke ɗa? Da me suke rantsuwa a kasuwa? Shekaru aru-aru mawaƙan Turai ba su sha wahalar amsa wannan ba, aron allolin Girkawa da Rumawa suke yi, irin su Zeus da Venus. Ƙago sababbi fil sabon abu ne, kuma mai karatu zai ga cewa kowane marubuci abin da ke zuciyarsa game da rayuwa da mutuwa shi ya zuba a cikin allolinsa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Za mu fara da William Blake, mawaƙi kuma mai sassaƙa zane a kan tagulla a birnin Landan. A 1794 ya fitar da The Book of Urizen. Shi Urizen tsoho ne mai farin gemu, alamar hankali da doka mai ɗaure mutum. Los maƙeri ne, alamar basira. Orc kuwa tawaye. Sai dai waɗannan alamomi ne da Blake yake yaƙar zaluncin coci da gwamnatin zamaninsa da su, kuma kwafi kaɗan ya buga da hannunsa, har ya mutu a 1827 mutane ƙalilan ne suka karanta.

Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Lord Dunsany, basaraken ƙasar Ayalan. A 1905 ya biya kuɗin buga wani ɗan ƙaramin littafi mai suna The Gods of Pegana, Sidney Sime ya yi masa zane. Littafin ba shi da jarumi ko gimbiyar da za a ceto, zallar labarin alloli ne da annabawansu. Babbansu Mana-Yood-Sushai ya yi sauran alloli sai ya kwanta barci, wani makaɗi mai suna Skarl yana kaɗa masa ganga ba dare ba rana. Ranar da gangar ta yi shiru Mana zai farka, alloli da duniyoyi duk su shuɗe. Ƙananan allolin, irin su Kib mai aiko rai da Mung na mutuwa, don wasa suka yi duniya. To, dubi dabarar: da makaɗi guda Dunsany ya sa komai yana rataye da zare, kuma ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya ƙago abin da ke kama da tatsuniyar da aka gada kaka da kakanni.

A 1919 wani marubuci ɗan garin Providence a Amurka, H. P. Lovecraft, ya karanta Dunsany, ya kuma je Boston ya saurari laccarsa a shekarar. Tasirin a fili yake, domin Azathoth, makahon allan da Lovecraft ya ajiye a tsakiyar sararin samaniya, shi ma da ganguna da sarewa ake lallashinsa. Amma kama da wane ba ta wane. Lovecraft bai yi imani da kowane addini ba, kuma ilimin taurari ya cika shi da tunanin ƙanƙantar ɗan Adam. Saboda haka Cthulhu, wanda labarinsa ya fito a mujallar Weird Tales a 1928, da 'yan uwansa, ba ruwansu da mutum, kamar yadda mai tafiya ba ruwansa da tururuwar da ya taka. Bayan mutuwar Lovecraft a 1937, August Derleth, wanda ya kafa kamfanin ɗab'i na Arkham House tare da Donald Wandrei a 1939 don ceto rubutun abokinsu, ya sake fasalin abin, ya raba allolin gida biyu, na kirki da miyagu. Derleth ɗan Katolika ne, zuciyarsa ba ta ɗauki duniyar da babu mai tausayi a samanta ba. Manazarta Lovecraft da dama sun soke shi a kan haka.

A nan ne muka iso ga tambayar da za ta fi damun mai karatu mai addini: yaya wanda ya yarda Allah ɗaya ne zai rubuta alloli da yawa? J. R. R. Tolkien, wanda shi ma riƙaƙƙen ɗan Katolika ne, ya kwashe fiye da shekara hamsin yana fama da ita. Ya fara rubuta labaransa a ƙarshen 1916, yana jinyar zazzaɓin da ya kwaso daga fagen daga na Somme a Faransa. A rubutun farko, Valar alloli ne kamar na Girkawa, har da 'ya'ya. Da tafiya ta yi tafiya sai ya soke haihuwar, ya daidaita tsarin: mahalicci ɗaya ne, Eru Iluvatar, su kuwa Valar goma sha huɗu, bakwai maza bakwai mata, halittunsa ne da aka ba amanar duniya, matsayinsu ya fi kusa da na mala'iku. Manwe ke kula da iska, Ulmo ruwa, Varda taurari, Aule ƙira, Yavanna tsirrai. Ba su iya ba da rai. Da Aule ya yi gaggawa ya ƙera wadanni, sai suka zama kamar 'yar tsana, ba sa motsi sai da tunaninsa, har sai da Eru ya ji tausayinsa ya ba su rai na kansu. Mugunta kuwa daga girman kan Melkor ta faro, wanda ya so ya yi halitta tasa. Abin mamaki, a The Lord of the Rings na 1954 da 1955 da ƙyar za ka ga wurin ibada. Cikakken bayanin sai a The Silmarillion, wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977, shekara huɗu bayan mutuwar uban.

Daga nan sai harka ta shiga kasuwa. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, inda 'yan wasa ke zama a tebur su ƙago duniyarsu. Tunda akwai limamai a cikin wasan, dole a samo musu abin bauta. A 1980 kamfanin TSR ya buga Deities & Demigods na James Ward da Robert Kuntz, wanda ya jera alloli kamar kayan kanti, kowanne da adadin ƙarfinsa da yawan saran da zai sha kafin ya faɗi. A bugun baya aka cire allolin Lovecraft da na Michael Moorcock, waɗanda kamfanin Chaosium ke riƙe da izinin yin wasa da su, a 1985 kuma aka sauya wa littafin suna zuwa Legends & Lore, a daidai lokacin da wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka ke zargin wasan da koyar da tsafi. Illar wannan zamani ga adabi ita ce ya haifar da allolin jadawali: na wuta, na ruwa, na yaƙi, kowa da ofishinsa kamar ma'aikatan gwamnati, babu tsoro babu kwarjini.

Marubutan da suka biyo baya sai suka juya tambayar, suka koma kan mai bautar. A Small Gods na Terry Pratchett, 1992, ƙarfin kowane allah gwargwadon masu imani da shi ne. Om yana da daula guda da limamai da kurkukun azabtar da masu saɓo, amma ya wayi gari a jikin kunkuru, domin jama'a tsoron limamai suke ji, yaro ɗaya tak mai suna Brutha ne ya rage da imani na gaskiya. A The Curse of Chalion, 2001, Lois McMaster Bujold ta yi alloli biyar, Uba, Uwa, Ɗa, 'Ya da Shege, waɗanda ba su iya ɗaga ko tsinke a duniya sai wani mutum ya yarda ya buɗe musu zuciyarsa. N. K. Jemisin kuwa, Ba'amurkiya baƙar fata, a The Hundred Thousand Kingdoms na 2010 ta sa gidan sarauta guda ya mallaki alloli a matsayin bayi yana murƙushe duniya da su. Ruwa ba ya tsami banza, tarihin bauta na ƙasarta yana nan kwance a ƙarƙashin labarin.

Marubucinmu na Hausa da ke rubuta littafin yaƙi, mai matsafa da bokaye da birnin masu bautar gunki, yana da abin ɗauka a nan ba tare da ya taɓa aƙidarsa ba. Sau da yawa gunkin suna ne kawai mai ban tsoro, ana jiran jarumi ya zo ya farfasa shi. Amma in ba mu ga abin da ya riƙe mutanen birnin ba, wato me suke tsoro, wa ke cin moriyar yankan da ake yi, me uwar da aka karɓe wa ɗa take gaya wa kanta da dare, to faɗuwar gunkin ba za ta girgiza kowa ba. Kafin ka raɗa masa suna, zauna ka rubuta shafi guda a kan yadda mutanen birnin ke binne mamacinsu da abin da suke faɗa a bakin kabari. Sauran zai biyo baya.